Taru da Jirgi: Tarihin Hoton Masunci a Aƙidar Kiristoci da Aikin Bishara

Mai karatun tafsiri idan ya iso aya ta 52 ta Suratu Ali Imrana, inda aka ambaci Hawariyawa, zai tarar malamai sun yi saɓani a kan asalin wannan suna. Ibnu Kasir ya kawo ƙaulin cewa masu wankin tufafi ne, da ƙaulin cewa farin tufafinsu ne ya jawo musu sunan, da kuma ƙaulin cewa masu kamu ne, wanda wasu suka fassara da masunta. Daga nan ya rinjayar da cewa ma'anar kalmar ita ce mataimaki, ya kafa hujja da hadisin da ya kira Zubairu bin Awwam da wannan laƙabi. Ƙauli na uku a wurinmu ambato ne kawai da ake yi a wuce. A wurin Kiristoci kuwa shi ne tushen ɗaya daga cikin alamominsu mafi daɗewa, wadda ta shiga wa'azinsu da gine-ginensu da zoben da ke hannun Fafaroma, ta kuma ba aikin yaɗa addininsu harshen da yake magana da shi har yau.

Wannan hoto bai tsaya wuri ɗaya ba. Ma'anarsa ta riƙa sauyawa gwargwadon matsayin da Coci ke da shi a duniya, kuma a kowane zango ya zo da wata matsala da ke cikin misalin kansa, wato cewa kifi ba ya shiga taru da son ransa, kuma idan ya fito daga ruwa mutuwa yake yi. Abin da za a kawo daga littattafan Linjila huɗu da ke hannun Kiristoci ana kawo shi ne a matsayin abin da suka ruwaito suka kuma yi gini a kansa, domin tarihin fahimtarsu ake bi a nan.

Tafkin da masuntansa

Ruwan da waɗannan littattafai ke kira Tekun Galili ba baƙo ba ne ga ɗalibin hadisi. Shi ne Buhairatu Ɗabariyya da ta zo a Sahihu Muslim, a hadisin Tamimud Dari da kuma hadisin Nawwas bin Sam'an a kan Yajuju da Majuju. Tsawon tafkin kimanin kilomita 21 ne, faɗinsa 13, yana kwance kimanin mita 210 ƙasa da matakin teku, duwatsu sun kewaye shi. Saboda haka iska kan gangaro masa ba shiri, ruwan da ke kwance da hantsi ya zama abin tsoro da la'asar. A ƙarni na farko na Miladiyya kifi shi ne arzikin yankin. Garin Magadala da ke gaɓar yamma masu magana da Girkanci suna kiransa Tarikiya, ma'ana wurin sa wa kifi gishiri. Sarkin yankin, Hirudus Antibas, wanda ke mulki a ƙarƙashin Rumawa, ya gina birnin Ɗabariyya a bakin tafkin wajen shekara ta 20, ya raɗa masa sunan Kaisar Tibariyus. Linjilar Markus ta ambaci rumfar karɓar haraji a Kafarnahum, garin da yawancin labaran suka faru a cikinsa.

A shekarar 1986 fari ya sa ruwan tafkin ya ja baya, sai wasu 'yan'uwa biyu masunta suka ga gefen wani tsohon jirgi a cikin laka kusa da Ginosar. Da aka tono shi aka tarar tsawonsa mita 8.2, faɗinsa 2.3, kuma bincike ya nuna na tsakanin ƙarni na farko kafin Miladiyya ne zuwa ƙarni na farko bayanta. Babu wata shaida da ta danganta shi da Annabi Isa (AS) ko almajiransa, duk da sunan da masu harkar yawon buɗe ido suka laƙaba masa. Amfaninsa ga masanin tarihi yana cikin katakonsa: an haɗa shi da itatuwa kusan iri goma sha biyu, an yi masa faci sau da yawa, wasu allunan ma daga tsofaffin jirage aka ciro su. Jirgin mutanen da katako ya yi musu tsada ne. Duk wanda zai karanta abin da malaman Kirista suka rubuta daga baya a kan jirgin Bitrus, da zinariyar da aka zana shi da ita a Roma, ya kyautu ya riƙe wannan jirgi mai faci a ransa.

Markus da Matiyu sun ruwaito cewa Annabi Isa (AS) ya tarar da Siman, wanda aka fi sani da Bitrus, tare da ɗan'uwansa Andarawas suna jefa birgi, sannan ya tarar da Yakubu da Yohanna suna gyaran taru a jirgin mahaifinsu Zabadi. Ya kira su, ya yi musu alkawarin mai da su masuntan mutane, suka bar sana'ar suka bi shi. Markus ya ƙara cewa sun bar mahaifinsu tare da 'yan ƙwadago, abin da ke nuna gidan Zabadi ba matalauta ne tuburan ba, suna da jirgi suna kuma ɗaukar ma'aikata.

Mai wa'azi na yau yana karanta wannan kira a matsayin magana mai daɗi. Bayahuden ƙarni na farko da ya san littattafan annabawan Bani Isra'ila ba zai ji ta haka ba. A littafin Irmiya sura ta 16, masunta da mafarauta su ne waɗanda za a aika su zaƙulo masu laifi daga maɓoyarsu. A Amos sura ta 4, da ƙugiya za a ja azzaluman Samariya zuwa bauta. Habakuk ya siffanta Kaldiyawa da masunci mai kwashe al'ummai da tarunsa. Kamun mutane a wancan harshe tarawa ce domin hukunci. Da alama Luka ya lura da nauyin kalmar, domin a ruwayarsa a sura ta 5 ya zaɓi wani fi'ilin Girkanci da ke nufin kamawa da rai, irin wanda ake amfani da shi ga fursunan yaƙin da ba a kashe ba. Gyaran misalin ke nan ya fara tun a cikin littattafan kansu.

Akwai wani abu kuma da masu wa'azi kan tsallake. Su ɗin da ake yi a waɗannan labarai kusan duka da raga ake yin sa, aikin gayya ne na mutane da yawa, galibi cikin dare. Ƙugiya sau ɗaya tak aka ambace ta, a Matiyu sura ta 17, kuma a can ma zancen biyan harajin Haikali ake yi. Misalin da ya fi tasiri shi ne na sura ta 13 a Matiyu, inda aka kwatanta mulkin sama da babban tarun da ake shimfiɗawa a ruwa a jawo shi daga gaɓa, irin wanda masuntanmu ke kira dala. Irin wannan taru ba ya zaɓe. Yana kwaso karfasa, wadda ta halatta a shari'ar Attaura saboda tana da ɓawo da ƙege, yana kuma kwaso tarwaɗa, wadda ta haramta gare su saboda ba ta da ɓawo. Sai an fito gaɓa ake zama a tsince, kuma a cikin misalin mala'iku ne masu tsincewa a ƙarshen zamani.

Kifi a matsayin shaida

Zuwa ƙarshen ƙarni na biyu, hankali ya karkata daga masunci zuwa kifin kansa. Kalmar kifi a Girkanci, ikthus, tana da haruffa biyar, aka lura cewa kowane harafi na iya zama farkon kalma a cikin jimlar da ke kiran Yesu Almasihu ɗan Allah kuma mai ceto. Wannan ita ce aƙidar da Alƙur'ani ya kore ta ƙarara, kuma ganin ta dunƙule a cikin zanen kifi tun wancan lokaci yana nuna yadda ta riga ta kafu a majami'un masu magana da Girkanci fiye da shekara ɗari kafin taron Niƙiya na 325. Tartuliyanus na Kartaj, a risalarsa kan baftisma wajen shekara ta 200, ya siffanta Kiristoci da ƙananan kifaye da aka haifa a ruwa, waɗanda ba su da tsira sai da zama a cikinsa. A nan an juya misalin gaba ɗaya: a Galili ana fitar da kifi daga ruwa ne, a Kartaj kuwa fitarwar ita ce halaka. Iklimandus na Iskandariyya, da yake yi wa mabiya bayanin zanen da ya halatta a zoben hatimi, ya hana gumaka da takobi da kofin giya, ya yarda da kurciya da kifi da jirgi mai tafiya da iska da molo da anka, wato ƙarfen da ake jefawa a tsai da jirgi. Zanen kifi da anka ya yawaita a maƙabartun ƙarƙashin ƙasa na Roma.

Labarin da ya shahara, cewa Kirista kan zana rabin kifi a ƙasa baƙo ya ƙarasa domin su gane juna a ɓoye, ba shi da sanadi a rubuce-rubucen farko. Littafin ƙagaggen labari na marubucin Folan, Henrik Sinkebic, mai suna Quo Vadis, wanda ya fito a 1896, yana da hannu wajen yaɗa tunanin kifin da ake zanawa a rairayi.

Maƙiya Kiristanci ma sun riƙe zancen sana'ar almajirai, amma domin gori. Kelsus, masanin falsafa na ƙarni na biyu, ya kira su tarkacen masu karɓar haraji da ma'aikatan jirgi. Orijinus ya mai da masa martani cewa rashin iliminsu shi ne hujjar, domin da masana balaga ne da an ce fasaharsu ce ta rinjayi mutane. Agustinus ya maimaita wannan ma'ana sau da yawa: da masunci aka kamo mai balaga da sarki. Su kuma malaman ba su bar lissafi ya huta ba. Linjilar Yohanna sura ta 21 ta ce an kama manyan kifaye 153 kuma tarun bai yage ba. Jerom ya ce adadin nau'o'in kifin duniya ke nan a ƙidayar masana, don haka ishara ce ga dukan al'ummai. Agustinus ya ce jimlar lambobi ce daga 1 zuwa 17, kuma 17 ita ce dokoki 10 da baiwar Ruhu 7. Lissafinsa daidai ne, amma mai nazarin tafsirin ishara ya san inda irin wannan hanya ke kaiwa idan ba ta da linzami.

Jirgi da matuƙinsa

Hoton jirgi ya fi na kifi nauyi a tarihi, domin jirgi yana da shugaba, yana da ciki da waje. Tushensa biyu ne: labarin guguwar da ta taso wa almajirai a tafki, da kuma jirgin Annabi Nuhu (AS), wanda wasiƙar Bitrus ta farko ta danganta da baftisma. Hibolitus, wajen farkon ƙarni na uku, ya rarraba sassan jirgi ɗaya bayan ɗaya: teku ita ce duniya, matuƙi shi ne Almasihu, gicciye shi ne tutar da ke tsakiya, abin juya jirgi guda biyu su ne Tsohon Alkawari da Sabo. Wata wasiƙa da aka jingina wa Iklimandus na Roma, wadda masana suka tabbatar ba tasa ba ce, ta ƙara gaba ta raba muƙamai. Bishop shi ne mai tsaron gaba, dattawan majami'a su ne ma'aikatan jirgi, dikinoni masu kula da matuƙan filafili, sauran jama'a kuwa fasinjoji ne, kuma abin da ake so daga gare su shi ne kowa ya zauna a wurinsa kada jirgi ya karkata. Littafin dokokin majami'a da aka tattara a Siriya wajen 380 ya umarta a gina ɗakin ibada mai tsawo kamar jirgi, bishop a kujerarsa kamar shugaban jirgi. Har yau sunan babban zauren coci a harsunan Turai da dama daga kalmar jirgi ya fito.

Ɗalibi zai tuna hadisin jirgi na Nu'umanu bin Bashir a Sahihul Buhari, na mutanen sama da na ƙasa waɗanda suka so huda rabonsu. Bambancin da ya cancanci lura shi ne hadisin bai ambaci matuƙi ba, nauyin tsirar jirgin a wuyan mahayansa yake. A wasiƙar da aka ambata kuwa nauyin mahayi shi ne ya natsu ya yi biyayya.

Kibriyanus, bishop na Kartaj wanda aka kashe a 258, shi ya fitar da sakamakon da ke ɓoye a misalin. A risalarsa kan haɗin kan Coci ta shekarar 251 ya ce kamar yadda babu wanda ya tsira a wajen jirgin Nuhu, haka babu mai tsira a wajen Coci, kuma Coci a wurinsa ita ce wadda ke tare da bishop ɗinta. Amma wa ya cancanci zama a cikin jirgin? Kalistus, bishop na Roma daga 217 zuwa 222, ya riga ya kafa hujja da cewa jirgin Nuhu ya ɗauki dabbobi masu tsarki da marasa tsarki, don haka masu manyan zunubai na iya ci gaba da zama, abin da ya fusata abokan hamayyarsa.

Wannan tambaya ce ta tsaga Kiristocin arewacin Afirka fiye da shekara ɗari. A tsanantawar Kaisar Diyokilitiyanus da ta fara a 303, wasu limaman Kirista sun miƙa littattafansu ga hukuma domin su tsira. Bayan ƙura ta lafa, ɓangaren da aka sani da Donatiyawa ya ce duk naɗin da ya bi ta hannun irin waɗannan mutane ɓatacce ne, Coci ta tsarkaka ce kawai. A shekarar 411 hukuma ta tara bishop-bishop fiye da 500 na ɓangarorin biyu a Kartaj, kuma misalin babban taru yana daga cikin abin da aka yi jayayya a kansa. Ɓangaren Agustinus ya ce tarun yana ɗauke da mai kyau da maras kyau har zuwa gaɓa, wanda duk ya ce zai tsince tun a tsakiyar ruwa yaga tarun yake yi. Donatiyawa suka ba da amsar da ke nuna sun san su: masunci ba ya ganin abin da ke cikin taru matuƙar yana ƙarƙashin ruwa, don haka misalin yana magana ne a kan mai zunubin ɓoye, ba wanda laifinsa ya bayyana ga kowa ba. A ma'aunin munazara amsar tana da ƙarfi. Sai dai alƙalin zaman wakilin Kaisar ne, kuma a 412 aka fitar da doka ta tara da ƙwace majami'u a kan Donatiyawa. Agustinus, wanda ya faɗa da kansa a wata wasiƙa cewa da farko ba ya goyon bayan tilastawa, ya koma yana kare ta, yana kafa hujja da misalin walimar da ke Luka sura ta 14, inda mai gida ya sa a tilasta wa mutane shigowa. Masuncin da a da ba shi da komai sai taru mai faci yanzu yana da sojan Rum a bakin gaɓa.

A Turai ta tsakiyar zamani jirgin ya zama na Bitrus shi kaɗai, wato na Fafaroma. Zoben masunci, mai hoton Bitrus yana su daga jirgi, an fara samun ambatonsa a wata wasiƙar Fafaroma Iklimandus na huɗu ta 1265, an kuma ci gaba da buga hatimi da shi har 1842. A 1302, a tsakiyar rikicinsa da sarkin Faransa, Fafaroma Bonifas na takwas ya fitar da sanarwar da ta ce jirgin Nuhu ɗaya ne, matuƙinsa ɗaya, ta ƙare da cewa miƙa wuya ga Fafaroma sharaɗi ne na tsira. A cikin shekarun nan ne mai zane Jiyoto ya yi babban hoton jirgin almajirai a harabar tsohuwar majami'ar Bitrus. 'Yan Furotesta sun ƙi wannan fassara bayan 1517, amma ba su jefar da jirgin ba, matuƙin kawai suka ƙi.

Lokacin da misali ya zama katako da ƙarfe

Daga ƙarshen ƙarni na 18 ƙungiyoyin mishan suka fara mallakar jiragen ruwa na kansu. Jirgin Duff ya tashi daga Ingila a 1796 ya isa Tahiti a 1797. Jirgin John Williams na 1844 da kuɗin da yaran majami'u suka tara aka saye shi. Ilala ya shiga tafkin Malawi a 1875, Peace kuma ya fara yawo a kogin Kwango a 1884, bayan an ɗauko shi gunduwa-gunduwa a ka.

A nan tarihin ya taɓo ƙasarmu kai tsaye. A 1841 gwamnatin Birtaniya, bisa shawarar Thomas Fowell Buxton cewa ciniki da noma da bishara za su kashe cinikin bayi, ta turo jirage uku masu tururi, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau kogin Kwara. A cikinsu akwai wakilai biyu na mishan ɗin CMS: James Frederick Schön, Bajamushe da ya koyi Hausa a wurin 'yantattun bayi a Saliyo, da Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe wanda shi kansa sojan ruwan Birtaniya ne suka ciro shi daga jirgin bayi a 1822. Zazzaɓi ya kashe Turawa kimanin 40, gonar gwaji da aka kafa a mahaɗar Kwara da Binuwai ta watse. Amma daga wannan tafiya Schön ya fitar da littafinsa na kalmomin Hausa a 1843, sannan nahawu a 1862 da ƙamus a 1876, ya kuma fara fassara littattafan Linjila. Duk mai nazarin tarihin rubutun boko ya san cewa farkonsa yana ɗaure da waɗannan jirage. Crowther ya sake hawa a Pleiad a 1854, tafiyar da shan kwinin ya sa ba a rasa rai ba, sannan a Dayspring a 1857, wanda ya fashe a kan dutse kusa da Jebba ya bar shi watanni da yawa a ƙasar Nufe.

Mishan ɗin Kwara ya shafe shekaru yana dogara da jiragen 'yan kasuwa, kuma mutanen bakin kogi ba su da dalilin bambance mai wa'azi da mai jirgin da ya kawo shi. A shekarun 1880 Etsu Maliki na Bida ya aika saƙo ga Crowther yana roƙon a taimaka a hana shigo da barasa ƙasarsa. Sarki Musulmi ke nan yana neman bishop ya tsai da kayan da ke biyo hanyar ruwan da bishop ɗin kansa ke bi. A 1878 mishan ya sami jirginsa, Henry Venn, amma aka damƙa kula da shi da harkokin kuɗi a hannun wani Bature. Masana tarihi irin su J. F. Ade Ajayi sun nuna cewa daga nan ikon Crowther, wanda ya zama bishop tun 1864, ya fara zaizayewa, har matasan Turawa 'yan mishan suka ci mutuncin ma'aikatansa a 1890, ya rasu a ƙarshen 1891. Tsohuwar tambayar wa ke riƙe da jirgi ta dawo a zahiri, launin fata kuma ya amsa ta. Game da kamun kuwa, mabiyan da aka samu yawancinsu a ƙasan kogi ne, a Onica da Bonny da Brass. Bida ta karɓi Crowther da girmamawa ta kuma zauna a kan addininta.

Zancen ƙoto

A wa'azin Furotesta na Ingila da Amurka na ƙarni na 19 hoton ya sake sauyawa. Mai wa'azi Dwight Moody ya siffanta duniya da jirgin da ya riga ya fashe, shi kuma an ba shi kwalekwalen ceto ya tsamo iya wanda zai iya. Jirgin nan ba Coci ba ce kuma, duniya ce mai nitsewa, kuma ceton na ɗaiɗaikun mutane ne. Tare da wannan, taru ya ja baya fatsa ta shigo, domin mutanen birane sun fi sanin su na nishaɗi, mutum ɗaya da sandarsa. Littattafan koyar da bishara suka cika da shawarwari a kan haƙuri, da sanin halin kifi, da ɓoye kai, da zaɓen ƙoto, wato abincin da ake maƙala wa ƙugiya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a labaran Galili. Ƙoto kuwa yaudara ce a asalinsa, domin amfaninsa shi ne kifi ya ga abinci kada ya ga ƙarfe. Malaman farko sun san haka, shi ya sa Girigori na Nisa a ƙarni na huɗu da ya yi amfani da misalin ƙugiya da ƙoto, Shaiɗan ya sa a matsayin kifin da aka yaudara.

Idan asibiti da makaranta da abincin agaji suka zo a hannu ɗaya da wa'azi, ina iyaka tsakanin jinƙai da ƙoto? Adalci ya wajabta a ce da yawa daga likitoci da malaman mishan sun yi aikinsu da gaskiya, wasu sun bar rayukansu a kai, kuma jiragen asibiti irin na ƙungiyar Mercy Ships, wadda aka kafa a 1978, sun yi wa dubban marasa lafiya tiyata a tashoshin ruwan Afirka ta Yamma. Haka kuma adalci ya wajabta a ce ƙorafin ba ƙage ba ne, Kiristocin Asiya da kansu suna da laƙabin gori ga wanda ya shiga addini domin shinkafa. A watan Yuni na 1976 aka zauna a Shambezi ta ƙasar Suwizalan tsakanin malaman Musulmi da na Kirista a kan bishara da da'awa, cikinsu har da Isma'il al-Faruƙi da Khurshid Ahmad da Bishop Kenneth Cragg. Sanarwar taron ta tabbatar da 'yancin kowa ya gamsar ko a gamsar da shi, ta kuma yi kira ga majami'u su dakatar da ayyukan jinƙan da aka karkatar da su zuwa janye Musulmi daga addininsu. A 2011 Majalisar Majami'u ta Duniya da ofishin Fadar Fafaroma mai kula da tattaunawar addinai da ƙawancen 'yan Ibanjelika na duniya suka fitar da takardar haɗin gwiwa a kan ladubban shaida, wadda ta haramta yaudara da tilastawa da cin moriyar talauci ta hanyar kwaɗaitarwa da abin duniya. Takardar shawara ce, ba ta da ikon hukunta kowa, kuma dubban majami'u masu zaman kansu da ke aiki a Afirka ba sa ƙarƙashin ko ɗaya daga cikin hukumomin uku. Tambarin Majalisar Majami'u ta Duniya, wadda aka kafa a Amstadam a 1948, jirgi ne a kan igiyar ruwa da gicciye a tsakiyarsa, ba a zana masa taru ba.